Corolla Mai Mutuwa a Gosulon Nyanya: Yadda Aka Kamo Laifin

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, shigowar Amurka, mai inji 1ZZ-FE na lita 1.8 da giya mai sauya kanta. Mai ita ma'aikaciyar gwamnati ce, tana zaune a Mararaba, tana aiki a Sakatariyar Tarayya. Da safe motar ba ta da wata damuwa, kik ɗaya take tashi, ta kai ta ofis lafiya lau. Matsalar ta yamma ce. A watan Maris, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35 da rana, idan ta taso daga aiki ta wuce AYA ta gangaro Kugbo, aka shiga gosulon Nyanya ana ja ana tsayawa, esi a kunne, sai injin ya ɗauke. A murɗa makulli, kik ya yi ta juyawa da ƙarfinsa, amma mota ta ƙi tashi. A tura ta gefen titi, a ɗaga bonet, bayan minti 20 zuwa 30 ta tashi kamar ba ita ba.

Kafin ta iso hannun masu gwajin da ake bayani a nan, an riga an yi mata aiki sau uku a wani gareji. An sa fulogi sababbi, an wanke nozul, daga ƙarshe aka sauke kujerar baya aka canza famfon mai. Bayan kowane aiki sai ta yi kwana biyu ko uku shiru, ran da aka sami rana mai zafi da gosulo mai tsawo ta koma gidan jiya. Shawara ta gaba da aka ba Hajiya mai motar ita ce ta sayi birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, kwamfutar da ke sarrafa inji.

Tambayoyin farko

Ba a fara da sifana ba. An fara da zaunar da mai mota, domin laifin da ke zuwa ya tafi, wanda ke tuƙi ne kaɗai ya taɓa ganinsa ido da ido. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: "Hajiya, idan za ta mutu, tana fizga tana tari tukuna, ko kuwa ɗif take yi?" Amsa ta zo ba tare da kokwanto ba: ɗif take yi, kamar an kashe makulli.

Wannan amsa ta raba hanya biyu. Injin da mai ke yanke masa ba ya mutuwa farat ɗaya. Matsin mai yana sauka ne a hankali, mota ta rasa ƙarfi, a taka totur ta yi kamar ta shaƙe, ta yi jijjiga, sannan ta mutu. Injin da ya ɗauke lokaci guda kuwa, wuta ce ta yanke, ko kuma wani saƙo da ƙwaƙwalwar mota ke dogaro da shi ya ɓace. Tun daga nan zargin da ke kan famfon mai ya yi rauni.

Bayani biyu suka ƙara fitowa. Na farko, ta yi tafiya zuwa Jos ta Keffi da Akwanga cikin wannan watan, awanni a kan hanya, motar ba ta ko yi tari ba. Ga mai mota wannan abin ruɗani ne, amma ga mai bincike haske ne: a babbar hanya iska na ratsa ɗakin inji tana kwashe zafi, kuma Jos tana bisa tudu sama da mita 1,200, iskarta ba irin ta Abuja ba ce. Ashe ba daɗewar aiki ke kashe injin ba, taruwar zafi ce a ƙarƙashin bonet idan mota ba ta gudu. Na biyu, wata rana wani mai taimako a bakin titi ya fasa fiya-wata guda uku ya kwarara a gefen injin ta wajen bel, motar ta tashi cikin minti biyar maimakon rabin awa. Wato abin da ke mutuwa yana wannan ɓangaren, kuma sanyi na farfaɗo da shi. (Ba dabara ce da za a koya ba. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi na iya tsaga shi, ga altaneto a daidai wurin.)

Da aka jona kwamfutar gwaji a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, babu lambar laifi ko ɗaya. Dalili ya fito da aka tambaya: duk sanda ta mutu, direbobin da ke tsayawa taimako sukan cire kan batir su mayar, wai don birenbos ya warware. Cire kan batir yana goge lambobin laifi, yana kuma goge hoton yanayin da injin yake ciki a daidai lokacin da ya mutu: zafin ruwa, gudun inji, nauyin da ke kansa. Shaidar da ta fi kowace daraja ke nan, an share ta sau da dama da kyakkyawar niyya. Tashin da motar ke yi bayan an mayar da kan batir kuwa, ba cirewar ce ta jawo shi ba. Lokacin da aka ɓata ana neman sifana lamba 10 ne ya ba injin damar hucewa.

Dalilin da ya sa aka yanke wa famfo hukunci

Ya kamata a yi wa bakaniken farko adalci, domin kuskurensa yana da tushe. Ya iske motar a mace a bakin hanya, ya buɗe makulli, ya kasa kunne a wajen kujerar baya, bai ji kukan famfo ba. A motoci da yawa, da zarar an buɗe makulli famfo kan yi ƙara na daƙiƙa biyu don ya cika layi. Wannan Corolla ba haka take ba. Ƙwaƙwalwarta ba ta ba famfo wuta ta rilen C/OPN, wato makunnin da ke kai wa famfo wuta, sai ta ga alamar cewa injin na juyawa. Saboda haka shirun famfo a buɗe makulli ɗabi'arta ce, lafiya ko ba lafiya. Idan kuma saƙon juyawar inji ya ɓace, ƙwaƙwalwa kan ɗauka injin a tsaye yake, sai ta hana fulogi wuta, ta hana nozul feshi, ta bar famfo shiru. Abu ɗaya ya mutu, uku sun yi kamar su ne suka mutu. Duk kayan da aka taɓa wa Hajiya, fulogi da nozul da famfo, suna cikin waɗannan ukun.

Sai an kashe ta da gangan

Laifin zafi ba a gano shi a inuwa da sassafe. Duk abin da aka auna a inji mai sanyi zai nuna lafiya, domin a wannan lokacin lafiyarsa ƙalau. Don haka aka shirya komai tun kafin azahar, yadda idan ta mutu ba za a ɓata ko minti ɗaya ba, tunda tagar gwajin ba ta wuce minti 20.

An ɗaura gejin matsin mai a layin da ke shiga bututun nozul, bayan an sauke matsin layin an kuma tare da tsumma, aka ajiye na'urar kashe gobara kusa. An bar kwamfutar gwaji a jone tana nuna abu huɗu: gudun inji, zafin ruwa, gyaran mai na gajeren zango (yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa nan take), da ƙarfin batir. An cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta don hannu ya isa ga sansar karanshaf, wadda ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa injin na juyawa, ba tare da wahala ba, aka tokare motar da kyau. An buɗe bayan akwatin dashbod na gefen fasinja, inda birenbos yake. Mita da na'urar gwada tartsatsi suna kan tebur. Sannan aka tayar da ita a filin gareji cikin rana, bonet a rufe, esi a ƙure, fitilu a kunne.

Ma'aunin kamfani na matsin mai a wannan inji shi ne psi 44 zuwa 50. Geji ya zauna a 46. Silo yana wajen juyi 700 a minti, yana ɗan ɗagawa idan kwamfuresa ta kama. Gyaran mai yana wasa tsakanin kashi 3 ƙasa da kashi 4 sama, abin da ke nuna injin na samun mai daidai buƙatarsa. Da famfo na gajiya, da an ga wannan lamba tana hawa zuwa 15 ko 20 yayin da ƙwaƙwalwa ke ƙoƙarin cike giɓi. Abin da bai yi daɗin gani ba shi ne zafin ruwa. Ya wuce digiri 95, fanka na juyawa amma bai sauko ba, ya ci gaba a hankali har 104. Allurar dashbod kuwa tana tsakiya ba ta motsa ba, domin an yi ta ne ta zauna wuri ɗaya cikin faɗin digiri masu yawa, ba ta tashi sai abu ya yi nisa. Shi ya sa Hajiya ta rantse motarta ba ta taɓa yin zafi ba, kuma gaskiyarta ta faɗa gwargwadon abin da allura ta nuna mata.

A minti na 48 injin ya ɗauke. Allurar gudun inji ta faɗi ƙasa kai tsaye. Gejin mai yana nan a 46 a daidai wannan daƙiƙa, bai ko girgiza ba. Famfo ya fita daga zargi.

Gwajin farko bai buƙaci kayan aiki ba: a kashe makulli a sake buɗewa, a dubi fitilar gargaɗin inji. Ta kama. Wannan ƙaramar fitila na faɗin abu babba, wato ƙwaƙwalwa na samun wuta kuma tana raye. Da ba ta kama ba, da an nufi fiyus da rilen EFI, masu ba ƙwaƙwalwa wuta, a akwatin da ke ƙarƙashin bonet, domin rile mai tsohon dalma ko ƙonannen baki shi ma yakan saki idan ya ɗau zafi. Kwamfutar gwaji ma ba ta rasa magana da motar ba.

Na biyu, a murɗa kik ana kallon gudun inji a kwamfuta. Inji mai lafiya yakan nuna 200 zuwa 300 yayin da kik ke juya shi. Nan sifili ta nuna, alhali kunne na jin injin na juyawa. Aka zare kwayil ɗaya aka sa na'urar tartsatsi: babu wuta. Aka gwada na biyu, haka. Kowace silinda a wannan inji da kwayil ɗinta, huɗu ne, kuma ba sa mutuwa tare. Idan ɗaya ya gaji da zafi, mota takan yi rawa tana tafiya da ƙafa uku, ba ta mutu ɗif ba. Bayan daƙiƙoƙi na kik, lambar da aka daɗe ana gogewa ta fito: P0335, da'irar sansar karanshaf.

Lamba ba hukunci ba ce

Nan ne wuri na biyu da ake yawan yin asara. P0335 ba ta ce sansa ta lalace ba. Cewa ta yi saƙo bai iso ba. Tsakanin haƙoran karanshaf da cikin ƙwaƙwalwa akwai sansar kanta, akwai soket, akwai waya mai tsawo da ke bi ta jikin inji, akwai kuma allon birenbos. Kowanne na iya yankewa da zafi.

Kuma zargin birenbos a wannan mota ba shaci-faɗi ba ne. A watan Agusta na 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 masu wannan inji, sama da miliyan ɗaya a Amurka, saboda tsagewa da kan iya faruwa a wuraren dalma ko wani ƙaramin sashe na allon ƙwaƙwalwar. Alamominsa sun haɗa da bugun giya, ƙin tashi, da mutuwar inji ana cikin tafiya. Da yawa daga cikin waɗannan motoci su ne a titunan Abuja yau, wasu an canza musu allon tun can, wasu ba a canza ba. Saboda haka wanda ya ce a sayi birenbos ba daga sama ya tsinto maganar ba. Abin da ya rage masa shi ne awo, kuma awon bai kai minti biyar ba.

Sansar karanshaf ta wannan inji mai waya biyu ce. A cikinta akwai maganaɗisu da zaren tagulla siriri kamar gashi, an naɗe shi zagaye dubbai. A gabanta faranti ne mai haƙora 34 da giɓi a wuri ɗaya, yana juyawa tare da karanshaf. Duk haƙorin da ya gifta sai ya haifar da 'yar wuta a zaren, giɓin kuma ya shaida wa ƙwaƙwalwa inda fistin yake. Littafin gyara ya ba da juriyar zaren: om 1,630 zuwa 2,740 a sanyi, 2,065 zuwa 3,225 a zafi. "Sanyi" a nan na nufin har zuwa digiri 50, "zafi" kuma daga 50 zuwa 100.

Makulli a kashe, aka zare soket ɗin birenbos aka sa mita a kan wayoyi biyu na sansar, NE+ da NE-. Mita ta nuna da'ira a buɗe, babu haɗi sam. Wannan kaɗai ya wanke birenbos, domin yankewar tana waje da shi. Saura a raba tsakanin waya da sansa. Aka zura hannu da safar fata ta wajen taya, aka cire soket ɗin sansar, aka auna ƙafafunta biyu kai tsaye: a buɗe. Aka auna kowace waya daga wannan soket zuwa na birenbos ana girgiza ta: ƙasa da om 1, ba ta yanke ba, ba ta kuma taɓa bodi. Aka bar mita a jikin sansar, aka juyo mata fankar gareji. Bayan minti bakwai lambobi suka dawo kan mita da kansu, 2,380, suna sauka a hankali. Aka mayar da soket, kik ɗaya mota ta tashi.

Don a kawar da sauran shakka, da injin ya huce aka kwance sansar aka kai ta tebur. A zafin gari ta nuna om 2,010, cikin ma'auni sarai. Duk wanda ya auna ta a wannan hali zai mayar da ita ya ce lafiyarta lau. Aka tsoma bakinta a tukunyar ruwa a kan risho, soket a sama ba ya taɓa ruwa, mita a jone, ma'aunin zafi a ciki. Lamba ta riƙa hawa sannu sannu, kuma hakan daidai ne, don juriyar tagulla na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. A digiri 80 ta kai 2,400. Ruwa na fara ƙananan kumfa a gindin tukunya, wajen digiri 90, sai lambobin suka ɓace ɗif, irin ɗif ɗin da Hajiya ta kwatanta. A cikin robar akwai inda zaren ya karye, bakunan biyu suna taɓa juna a sanyi. Idan roba da ƙarfe suka buɗa da zafi sai su rabu, idan suka huce su sake haɗuwa.

Gyaran, da abin da ke bayansa

Canza sansar ƙaramin aiki ne. Tana ƙasa a gefen fulin karanshaf, kusa da kwamfuresar esi, ƙusa ɗaya ce mai kai lamba 10 ke riƙe da ita. Ana goge ramin, a shafa ɗan baƙin mai a zoben robar sabuwar don kada ya yage, a tura ta ta zauna daram kafin a ɗaure. Ƙusar ba ta son ƙarfi, kimanin Nm 9 ne, domin a cikin alminiyam take shiga, kuma idan zaren ramin ya cinye an buɗe wani sabon aiki. Wayar a mayar da ita cikin maƙalanta yadda take, nesa da bel.

Wahalar tana wajen samun ta ƙwarai. A kasuwar kayan mota, ko a Apo ko a wani wuri, za a iske sabuwa ta asali, da ta kwaikwayo a kwali mai kama da na asali, da kuma ta hannu da aka ciro daga injin da ya kai shekarun wannan. Ta hannun ta riga ta sha irin zafin da ya kashe ta farko. Ta kwaikwayon kuma takan ba da saƙo mai rauni, mota ta riƙa jan kik da safe. An sayi sabuwa ta Denso, kuma kafin a ɗaura ta aka yi mata gwajin tukunya ita ma: ta hau har ruwa ya tafasa ba ta yanke ba. Minti goma ne, kuma ya fi a gano a tsakiyar Kugbo.

Da an tsaya nan, da motar ta daina mutuwa, amma digiri 104 a silo ba abin da za a kawar wa kai ba ne. Da aka haska tocila tsakanin kwandensar esi da lagireto, sai ga ƙurar hunturu ta haɗu da ganye da gutsuren leda ta zama kamar tabarma, ta toshe kusan rabin fuskar. A cikin lagireto kuma ruwan famfo ne zalla, ya yi ja da tsatsa. An jira injin ya huce sarai kafin a taɓa murfin, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yakan yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. An sassauta lagireto aka wanke tsakanin da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, don injin wanki mai matsi yana lanƙwasa siraran fukafukan. An zubar da tsohon ruwa, aka ɗauraye, aka zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, haɗin rabi da rabi da ruwa, kimanin lita 6.5, aka fitar da iska da hita a buɗe.

Tamosta, wadda ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, tana nan, kuma an bar ta. An gwada ta a tukunyar nan, ta fara buɗewa a wajen digiri 82 kamar yadda aka rubuta a jikinta. Al'adar cire tamosta a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi, ba ta magance toshewar lagireto, ɓoye ta kawai take yi. Injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara masa mai tana zaton har yanzu safiya ce, fanka kuma ta ƙare kwananta da wuri.

Washegari da azahar aka maimaita gwajin a wuri ɗaya, bonet a rufe, esi a ƙure, awa ɗaya da rabi. Zafin ruwa bai wuce 96 ba. Daga nan aka bi hanyar Hajiya da kanta da ƙarfe biyar na yamma, daga AYA zuwa Mararaba, kwamfuta a jone, gudun inji bai ɓace ko sau ɗaya ba, babu lamba sabuwa.

Tsohon famfon da aka cire yana but cikin leda. An auna shi, juriyarsa om 1.1, cikin ma'aunin 0.2 zuwa 3.0, aka ɗaura shi a gwaji ya ba da psi 47 ya riƙe. Na asali ne, ya kuma fi wanda aka sa a madadinsa, don haka aka mayar da shi tanki da sabuwar matata, aka ba ta ɗayan ta ajiye. An gaya mata abu biyu. Kada ta riƙa barin tanki ƙasa da kwata, ko da yake tun cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa lita goma-goma suke saye, domin man da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Idan kuma wata rana motar ta sake mutuwa a hanya, ta duba ko fitilar gargaɗin inji na kamawa, ta lura ko ɗif ta yi ko tari, kuma kada ta bari kowa ya taɓa kan batir kafin a jona kwamfuta.